Murɗa Ƙugu Da Nauyi A Hannu: Abin Da Ya Kamata Mai Juna Biyu Da Mai Jego Su Sani

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani motsa jiki ne da ya yaɗu ta wayoyin hannu, har tambayoyi a kansa suka soma yawa a ɗakin awo. Shi ne wanda mutum zai zauna a ƙasa, ya ɗan kishingiɗa baya, ya riƙe wani abu mai nauyi da hannu biyu, ya riƙa murɗa jikinsa dama da hagu. Masu koyar da shi suna cewa yana ƙarfafa kwiɓi, yana kuma narkar da tumbi. Maganar farko gaskiya ce. Ta biyun akwai gyara, za mu zo kanta a gaba. Abin da ake tambayarmu shi ne: mai ciki za ta iya yi? Mai jego fa, yaushe za ta fara?

Amsar a taƙaice ita ce, da zarar cikinki ya shiga wata na huɗu, ki ajiye shi har sai bayan kin haihu an duba ki. Amma kada matan karkara su ce wannan darasin 'yan birni ne. Matan da ke zuwa mana daga gabashin Sakkwato, daga Isa da Sabon Birni da ƙauyukansu irin su Kamarawa da Bafarawa da Gatawa, yawancinsu ba su taɓa ganin wannan motsa jiki a waya ba, amma kullum ta Allah suna yin sa, kuma da nauyin da ya ninka na masu bidiyo sau da yawa. Wadda ta jawo guga daga rijiya ta juya ta zuba a tulun da ke gefenta, ƙafafunta na kafe wuri ɗaya, shi ta yi. Wadda ta sunkuya ta ciccibo jarka daga gefen dama ta aje a hagu, shi ta yi. Bambancin kawai, ita ba ta ƙirga, ba ta kuma hutawa.

Yadda bangon cikinki yake

Tsokokin da suka rufe ciki iri huɗu ne, wasu a kan wasu. A gaba akwai dogaye guda biyu da suka sauko daga ƙasan ƙirji zuwa mara, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A tsakaninsu akwai wata farar jijiya mai faɗi da ta haɗe su, ta bi ta kan cibiya. Ki ɗauke ta kamar ɗinkin tsakiyar riga.

A kowane kwiɓi kuma akwai shimfiɗa biyu na tsoka da suka tafi a karkace. Ta waje ta taso daga haƙarƙari ta gangaro gaba, daidai yadda hannu ke tafiya idan mutum zai sa shi a aljihun gefe. Ta ciki kuma ta gitta ta, ta taso daga ƙashin ƙugu ta yi sama. Sun sarƙe kamar saƙar tabarma. Su ne masu murɗa jiki da karkata shi. Idan kin juya hagu, ta wajen kwiɓin dama da ta cikin kwiɓin hagu ne suka haɗu suka yi aikin. A can ƙarƙashinsu duka akwai ta huɗu, wadda ta zagaye ciki kamar yadda kike ɗaura zani. Ita ba ta murɗa komai, aikinta riƙe kayan ciki da tallafe baya.

Abin lura a nan shi ne, duk tsokokin kwiɓi a jikin ɗinkin tsakiyar nan suka ƙare. Duk lokacin da suka ja da ƙarfi, shi suke ja, wannan ta yi dama da shi, waccan ta yi hagu.

Abin da ciki ke canzawa

Mahaifar macen da ba ta da ciki ba ta kai girman dunƙulen hannu ba, nauyinta bai wuce giram 70 ba. Kafin wata tara ta kai kimanin kilo ɗaya, ban da jariri da ruwa da mabiyiya. Dole bangon ciki ya ba ta wuri. Tsokokin gaba suna ƙara tsawo, ɗinkin tsakiya yana laushi yana faɗaɗa. Jiki kuma yana fitar da sinadaran da ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓi, domin ƙugu ya buɗe ranar haihuwa. Sai dai wannan sassauci bai tsaya a ƙugu kaɗai ba, har gadon baya yana samun rabonsa.

Saboda haka mata da yawa tsokokin gaban cikinsu kan rabe, a sami rata a tsakani. Wannan ba cuta ba ce, hanyar da jiki ke bi ce ya samar wa jariri wuri. A wani bincike da aka wallafa a 2016, an bi mata 300 masu cikin fari a ƙasar Norwe tun suna da ciki har shekara guda bayan haihuwa. A mako na 21 na ciki, kashi 33 cikin ɗari suna da wannan rata. Mako shida bayan haihuwa, kashi 60 ne. Bayan wata shida ya sauko zuwa kashi 45, bayan shekara guda kuma kashi 33 ne ratar ba ta rufe ba. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne, matan da suka ce suna ɗaga kaya masu nauyi sau 20 ko fiye a mako, sun ninka sauran wajen yiwuwar zama da ratar. Sau 20 a mako! Matar Kamarawa kan cika wannan adadin kafin azahar ta rana ɗaya.

Ga kuma maganar baya. Ƙasusuwan bayan da ke daidai kwankwaso an yi su ne don sunkuyo da miƙewa. Juyawar da kowace gaɓa ke iya yi a wurin kaɗan ce ƙwarai. Wurin da aka tanada don juyawa shi ne saman baya, inda haƙarƙari suke. A tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai wani faifan guringuntsi mai hana su goga. Babu abin da ya fi wahalar da wannan faifai kamar abu uku su haɗu lokaci ɗaya: sunkuyo, da murɗawa, da nauyi. Mai ciki kuwa ta riga ta ɗauki nauyi a gaba wanda ke janye bayanta ciki, ga jijiyoyi sun yi laushi.

Akwai kuma wasu jijiyoyi biyu da suka riƙe mahaifa ta gefe-gefe suka sauka zuwa matsematsi. Idan kin juya da sauri, sai ki ji wani abu ya soke ki a gefen mara kamar an caka allura, ya ɗan jima ya wuce. Su ne suka miƙe farat ɗaya. Yawanci ba haɗari ba ne, amma jiki ne ke gaya miki ki sassauta.

Jaririn fa?

Ki kwantar da hankalinki. Jariri yana cikin ruwa, mahaifa ta kewaye shi, juyawar da kika yi jiya a bakin murhu ba ta taɓa shi ba. Mukan ji ana cewa idan mai ciki ta cika murɗa jiki ko ta ɗaga hannu sama, cibiya za ta naɗe wuyan yaro. Ba haka ba ne. Wajen jariri ɗaya cikin huɗu ana haifarsa da cibiya a wuya, motsin da yake yi da kansa ne da tsawon cibiyar ke kawo haka, kuma mafi yawansu lafiya lau ake karɓarsu. Don haka kada a ɗora wa uwa laifin da ba nata ba. Wadda muke jiye wa a wannan darasi ke ce: bangon cikinki, da bayanki, da tsokokin ƙasan mara masu riƙe mafitsara da mahaifa. Sai kuma faɗuwa, domin mai tsohon ciki da ta juya da kaya a bakin rijiya mai santsi ba ta da tabbacin ƙafarta.

A watannin ciki

A wata ukun farko, macen da ta saba yin wannan motsa jiki tun kafin ta sami ciki, ba ta ganin jini, ba a kuma gaya mata akwai matsala ba, tana iya ci gaba a hankali, hannu wofi ko da abu marar nauyi. Wadda ba ta saba ba, ba yanzu ne lokacin koyo ba. Daga wata na huɗu kowa ta bari. Kishingiɗar nan da ake yi baya tana turo kayan ciki gaba su danni ɗinkin tsakiya, murɗawar ta ja shi gefe, nauyin hannu ya ƙara masa. Yawancin masu yi kuma suna riƙe numfashi ba su sani ba, riƙe numfashi kuwa yunƙuri ne, ƙasa yake tura komai.

Wannan ba yana nufin ki kwanta ba. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ta shawarci mai ciki da mai jego masu lafiya su sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato kamar rabin awa sau biyar. Matsakaici shi ne wanda za ki ɗan yi zufa amma kina iya magana ba tare da haki ba. Tafiyar ƙasa ta isa. Ki yi da sanyin safiya ko bayan la'asar, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, ki kuma sha ruwa sosai.

Aikin gida: ƙafa ke juyawa

A nan ne darasin yake ga mafi yawanmu. Ba zan ce wa matar ƙauye ta daina aiki ba, na san maganar ba za ta shiga ba, tuwo kuma ba zai tuƙa kansa ba. Tun daga 2019 da rashin tsaro ya tsananta a yankin Isa da Sabon Birni, mutane da yawa sun bar ƙauyukansu, wasu sun taru a manyan garuruwa, wasu sun ƙetara jihar Maraɗi. Mata da dama sun wayi gari su ne masu ɗebo ruwa daga nesa, su ne masu itace, ga ciki ga goyo. Don haka gyaran yadda ake aikin ya fi amfani a kan hani.

Ki riƙe wannan: inda hancinki ya duba, nan cibiyarki da yatsun ƙafarki za su duba. Idan za ki juya da kaya, ki ɗaga ƙafa ki taka, jiki duka ya juya tare kamar ƙyauren ɗaki. Taku biyu ne kawai, amma su ne ke raba ki da ciwon kwankwaso.

A bakin rijiya, ki aje tulu ko bokiti a gabanki ko kusa da ƙafarki, ba can gefe ba. Idan guga ya iso, ki matso da shi jikinki, ki taka ki fuskanci tulun, sannan ki zuba. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne idan ta cika, domin kowace litar ruwa kilo ɗaya ce. Wasu masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun fitar da ma'auni a 2013 cewa macen da cikinta ya wuce mako 20 kada ta ɗaga abin da ya fi kimanin kilo 12, shi ma jefi-jefi, kuma kayan na kusa da jiki ba daga ƙasa ba. Idan ɗagawar a kai a kai ce, ma'aunin ya yi ƙasa da haka. Ke nan cikakkiyar jarka ta wuce ki. Rabin jarka sau biyu ya fi cikakkiya sau ɗaya, ko da tafiyar ta ƙaru. Idan kuma za ki ɗora kaya a kai, ki nemi mai aza miki, ki tsaya a miƙe a ɗora, a kuma sauke miki. Cicciɓar tulu daga ƙasa zuwa gwiwa, daga gwiwa a murɗa a kai shi kan gammo, wannan shi ne mafi muni duka.

Idan za ki ɗauki abu daga ƙasa, ki matsa kusa da shi, ki buɗe ƙafa, ki lanƙwasa gwiwa ki sauka, ki fitar da numfashi yayin da kike tashi. Yaron da ke kuka a gefenki kina zaune, kada ki miƙa hannu ki fizgo shi ta gefe. Ki juya ki fuskance shi, ko ki ce ya zo gabanki ya hau cinya da kansa. Wanda ya iya tafiya ya iya hawa.

Daka ba haramun ba ne ga mai ciki mai lafiya. Turmi a gabanki sosai, ƙafa a buɗe, gwiwa a ɗan sake, ki yi kaɗan ki huta, ku yi karɓa-karɓa da wata. Amma sussukar damin gero da kaka, wadda ake wuni ana yi, a ɗauke wa mai tsohon ciki. Shiƙa kuma, maimakon ki tsaya wuri ɗaya kina murɗawa ki ɗebo daga masaki a bayanki, ki jera kayan a gabanki. Wajen tuƙin tuwo ki zauna a kujera ki fuskanci tukunya, babbar tukunyar biki ko ta suna kuwa ki bar wa wasu muciyar. Shara da guntuwar tsintsiya, a sunkuye ana lilo dama da hagu, ita ma murɗa ƙugu ce. A ɗaura wa tsintsiyar sanda.

Tashi daga kwance ma yana da hanya. Kada ki yunƙuro tsaye daga rigingine. Ki lanƙwasa gwiwa, ki mirgina gefe kafaɗa da ƙugu tare, ki sauke ƙafa, ki dogara da hannu ki tashi. Ki duba cikinki wata rana idan kin yunƙuro kai tsaye: idan kin ga tsakiyarsa ya yi tsini ya taso kamar kunyar gona, to ɗinkin tsakiya ne ke nuna an fi ƙarfinsa. Duk aikin da ya sa kika ga wannan tsinin, ki canza yadda kike yin sa ko ki bar shi.

Inna, uwar miji, da ke muke. Mun san ana cewa aiki ne ke sa haihuwa ta zo da sauƙi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin macen da ke motsa jiki ta fi wadda ke kwance jin ƙarfi. Amma motsi daban, dakon kaya daban. Yarinya mai cikin fari kunya ba za ta bar ta ta ce bayanta na ciwo ba, sai dai ku ku lura da yadda take tashi da zama. Maigida, ku ma kuna da rabo: kuɗin ɗan garuwa ko na kai niƙa inji a watanni ukun ƙarshe bai kai kuɗin mota zuwa Sakkwato ba.

Abin da za ki yi a madadinsa

Kwiɓi yana samun ƙarfi ba sai an murɗa shi ba. Hasali ma babban aikinsa a jiki shi ne hana jiki murɗewa lokacin da kaya ke jan sa gefe. Ga abin da muke koya wa mata ranar awo.

Na farko, ki zauna a miƙe ko ki kwanta a gefen hagu. Ki ja numfashi ta hanci, ki bar ciki ya saki. Yayin da kike fitar da shi a hankali ta baki, ki tattaro ƙasan cikinki ciki kamar kina rungumar jaririn da tsokarki, ki kuma matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari da tusa. Ki riƙe kina ƙirga biyar kina numfashi, sannan ki saki gaba ɗaya. Sau goma, safe da rana da dare. Wannan shi ne tushe, kuma babu wanda zai san kina yi ko a tsakar gida kike. Kada dai ki riƙa gwadawa lokacin da kike fitsari.

Na biyu, ki durƙusa a tabarma hannu da gwiwa kamar mai rarrafe. Ki fitar da numfashi ki ɗaga tsakiyar bayanki sama kamar kyanwar da ta tashi daga barci, sannan ki dawo daidai. Sau takwas zuwa goma. Masu ciwon kwankwaso suna jin daɗinsa domin yana ɗauke nauyin ciki daga kan baya na ɗan lokaci.

Na uku shi ne ainihin magajin murɗa ƙugu, kuma da mutum biyu ake yi. Ki tsaya ƙafa a buɗe, gwiwa a ɗan sake. Ki riƙe bakin gyale ko zani da hannu biyu a daidai ƙirjinki. 'Yar'uwarki ko abokiyar zamanki ta tsaya a gefenki ta riƙe ɗaya bakin, ta ja a hankali. Ke kuma ki ƙi juyawa, ƙirji da cibiya su ci gaba da duban gaba. Ki ƙirga biyar zuwa goma kina numfashi, ta saki. Sau biyar, sai ta koma ɗaya gefen. Za ki ji kwiɓinki ya ɗaure alhali ba ki motsa ba. Ja mai sauƙi ake so, ba gwajin ƙarfi ba, kuma kada ta saki ba zato.

Daga wata na huɗu, ki guji motsa jikin da ake yi a rigingine. Nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai jiri ya kama ki.

Akwai matan da ko waɗannan ba za su yi ba sai da izinin likita: mai ganin jini, wadda hoto ya nuna mabiyiya ta tare bakin mahaifa, wadda aka ɗaure wa bakin mahaifa, mai hawan jini na ciki, mai ƙarancin jini sosai, mai ciwon zuciya, wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, da mai ɗauke da tagwaye. Ba za ki san kina cikinsu ba sai kin je awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shawarar zuwa awo sau takwas a maimakon huɗu.

Ki tsaya nan take, ki nemi asibiti, idan kika ga jini ko ruwa na zuba, ko mara na ɗaurewa tana saki a kai a kai da ciwo, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko ciwon ƙirji, ko haki kina zaune, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko motsin jariri ya ragu. Wadda ke ƙauye mai nisa kada ta ce bari mu ga dare. Da rana ake kama hanyar babban asibitin Isa ko na Sabon Birni. Idan an taɓa gaya miki cikinki na da matsala, ku shirya da maigida ki koma kusa da asibiti tun wata tara bai kama ba.

Bayan haihuwa

Motsa jiki na farko da muka faɗa, na numfashi da matse ƙasa, kina iya soma shi kwana ɗaya ko biyu bayan kin sauka, kina kwance, idan ba ya yi miki ciwo. Ki riƙa ɗan zagayawa a ɗaki da tsakar gida. Har ki yi arba'in, kada ki ɗauki abin da ya fi jaririnki nauyi. Al'adarmu ta hutar da mai jego kwana arba'in ta yi daidai da mako shida da asibiti ke cewa, a riƙe ta da kyau.

Ɗaure ciki da zani yana sa wasu jin daɗin tafiya, babu laifi idan an yi shi sassauƙa. Amma zani ba ya ƙarfafa tsoka, kuma idan an tamke shi har numfashi na wuya, ƙasa yake tura mahaifa da mafitsara. Ruwan zafin wanka shi ma ba ya haɗe tsokar da ta rabe.

Bayan arba'in ki gwada kanki. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwa, tafin ƙafa a ƙasa. Ki jera yatsunki a gicciye a saman cibiya kaɗan, ki danna a hankali. Ki ɗaga kai kaɗan kamar za ki dubi gwiwarki. Za ki ji gefen tsokoki biyu sun matso yatsunki. Ki ƙirga yatsu nawa suka shiga tsakani, ki sake gwadawa a ƙasan cibiya. Idan bai kai yatsa biyu ba, kuma ƙasan wurin da ɗan tauri, madalla. Idan biyu ne ko fiye, ko yatsun na nutsewa kamar a cikin kunu, ko tsinin nan na tasowa, to ba ki kai murɗa ƙugu ba tukuna. Ki ci gaba da motsa jiki ukun nan, ki nuna wa ungozoma ranar da kika kawo yaro rigakafi, idan da bukata a tura ki sashen gashi. Kumburin da ke fitowa a cibiya yana komawa idan an danna, wataƙila ƙaba ce, likita zai duba.

Shawararmu ita ce, ko da gwajin ya yi kyau, wadda ta haihu da kanta ta bari sai bayan wata uku kafin ta riƙi nauyi ta murɗa. Wadda aka yi wa aiki kuwa sai likita ya duba ɗinkin ya ba ta izini, kuma nata jiran ya fi tsawo.

Abu biyu kada a ɗauke su rashin motsa jiki ne. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta na kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ba ƙiba ko kasala ke damunta ba, zuciya ce ake zargi. Wannan ciwo ya yi yawa a ƙasarmu: wani bincike da aka wallafa a 2007 daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya same shi a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari. Kunun kanwa mai yawa yana ƙara tara ruwa a jiki, ya ƙara wa zuciyar wahala. A kawo ta da gaggawa. Na biyu, ɗigon fitsari lokacin tari ko atishawa yakan yi sauƙi da matse ƙasa, amma fitsarin da ke zuba dare da rana ba tsayawa bayan doguwar naƙuda yoyon fitsari ne. Motsa jiki ba ya warkar da shi, aiki ake yi, kuma ana yi a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato.

Yadda ake yin sa idan lokaci ya yi

Ki zauna a tabarma, gwiwa a lanƙwashe, dugadugai a ƙasa. Ki miƙe bayanki, ki ɗaga ƙirji, sannan ki ɗan koma baya kaɗan har ki ji ciki ya ɗaure. Kada bayan ya lanƙwashe ya zama kamar baka. Ki haɗa hannu biyu a gaban ƙirji. Ki tattaro ƙasan ciki yadda kika koya, ki fitar da numfashi, ki juya ƙirji da kafaɗu tare zuwa dama a hankali, ido na bin hannu. Ki ja numfashi ki dawo tsakiya, ki ɗan tsaya, sannan ki yi hagu. Gwiwoyi da ƙugu su zauna inda suke, haƙarƙari ne ke juyawa. Wadda ke wurga hannu kawai daga gefe zuwa gefe, kafaɗarta take gajiyarwa.

Ki fara hannu wofi, sau takwas kowane gefe, ki huta, ki sake zagaye ɗaya. Kwana biyu ko uku a mako ya isa, da hutun kwana a tsakani. Bayan mako biyu, idan babu ciwon baya, babu tsini a ciki, babu ɗigon fitsari ko jin nauyi a ƙasa, sai ki riƙi gorar ruwa ta lita ɗaya ko ɗaya da rabi, kusa da ƙirji. Duk yadda kika nisanta ta da jiki, haka nauyinta ke ƙaruwa a kan bayanki. Ɗaga ƙafa sama da gudun da kike gani a bidiyo na 'yan wasa ne, ba ki bukatarsu. Idan ɗaya daga cikin alamun nan ya dawo, ki aje gorar ki koma baya mataki ɗaya.

Saura maganar tumbi. Wannan motsa jiki tsoka yake ƙarfafawa, ba ya zaɓar kitsen da ke kanta ya narkar. Kitse daga jiki duka yake raguwa, ta hanyar tafiya da aiki da gyaran abinci. Cikin mai jego da ya ƙi komawa kuma sau da yawa ba kitse ba ne, ratar nan ce da tsokar da ta saki, wadda murɗawa da wuri ba za ta gyara ba. Mai shayarwa kada ta rage abinci don neman shafaffen ciki. Abin da ke ba tsokar ciki damar komawa sosai shi ne hutu tsakanin haihuwa da haihuwa, aƙalla shekara biyu kafin wani cikin. Idan kuna son bayani a kan wannan, ku zo tare da maigida, ku tambayi ungozomar da ke bakin aiki ranar awo ko ranar rigakafi.